Sunan da Ban Tambaya Ba a Falgore

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Sa'idu, yayan mahaifiyata, malamin jami'a, mutumin Yola ta Ƙaramar Hukumar Karaye. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa. Kafin in yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa ban riƙa rubuta abubuwan nan a lokacin da suke faruwa ba. Daga ka nake kawo su, ita kuwa ƙwaƙwalwa takan gyara wa mutum labari ta inda zai fi masa sauƙin ɗauka. Wataƙila wasu maganganun da na sa a bakin mutane ba daidai haka suka fito ba, wataƙila kuma na haɗa ranaku biyu na mai da su ɗaya. Amma laifin da zan faɗa nawa ne, kuma shi ban manta komai a cikinsa ba.

Duk shekara idan lokacin ya zagayo, ɗaliban Kawu sukan yi rubutu a kansa. Ni da na fi kowa zama kusa da shi a shekarunsa biyu na ƙarshe ban taɓa yi ba. 'Yan uwa sun ɗauka raɗaɗin rashin ne bai sake ni ba, ni kuma na bar su a haka. Gaskiyar ita ce kunya ce ta hana ni, kuma ba irin kunyar da ake yaba wa yaro da ita ba.

Kawu ya ƙarar da ƙarfinsa a kan abu ɗaya, wato sitaci da sukarin da ke cikin hatsi. Yakan ce wa ɗalibansa a cikin ƙwayar dawa akwai ƙananan sukari da suka sarƙe da juna, wasu a miƙe kamar igiyar guga, wasu kuma sun yi rassa. Yadda suka sarƙe na daga cikin abin da ke sa wani tuwon ya narke nan da nan sukarinsa ya hau jini, wani kuma ya daɗe a ciki yana sakin ƙarfi kaɗan-kaɗan. Ina jin abin ya fara cin ransa ne tun ranar da likita ya ce wa mahaifiyata ta rage tuwo saboda ciwon suga. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Mutuniyar Karaye za a ce ta bar tuwo? To ta ci me, iska?" A ganinsa ba duk dawa ce ɗaya ba, kuma tsofaffin irin da ke hannun mutanen ƙauyukanmu ba wanda ya tsaya ya auna su yadda ya kamata.

Abu na biyu da ke damunsa shi ne yadda masu bincike suke aiki kowa a ɗakinsa. Ɗalibi zai yi shekara yana gwaji, ya rubuta kundi, a ajiye kundin a kan kanta har gara ta fara cinsa, sannan wani a wata jami'ar ya sake yin wannan gwajin daga farko. Kawu yana son a gina rumbun bayanai a intanet, inda duk mai aiki a kan sitacin hatsinmu zai zuba abin da ya samu, ya kuma ga na wasu. Ni a lokacin na gama digiri a fannin kwamfuta, na gama bautar ƙasa, ina zaune a gida ina aika takardun neman aiki. Ya kira ni ya ce, "Injiniya, zo ka gina mini rumbu wanda ɓera ba ya shiga." Haka yake kirana, Injiniya, ko da yake ya san ban karanta injiniyanci ba.

Mun zauna tare muka tsara shi. Kowane samfur na hatsi yana da layinsa: lambarsa, ƙauyen da aka samo shi, launi da girman ƙwaya, sakamakon gwaje-gwaje, da sunan mai irin. Na rubuta manhajar da ke daidaita ma'aunai, don wani yakan auna da ɗanyen hatsi, wani da busasshe, sannan na yi wata da ke jera samfura a zane guda don a ga wanda ya fita daban. A ƙarshen kowane layi Kawu ya sa na ƙara gurbi ɗaya da ya kira gurbin tabbaci. Abu uku kawai ake iya zaɓa a ciki: tabbas, ko zato, ko ba a sani ba. Na ce masa wannan ƙarin aiki ne, ba kowane rumbu ke da shi ba. Ya ce, "Wanda zai karanta layin nan daga wata ƙasa ba zai ga fuskarka ba. Layin nan kaɗai gare shi. In ba ka sani ba, ka gaya masa ba ka sani ba."

Da kaka ta yi muka fita tattara samfura. Muka raba aiki, shi ya ɗauki ɓangaren Karaye, ni na ɗauki Rogo. Ranar da na je Falgore, mai unguwa ya riga ya aika gida-gida, don haka na tarar da mata sun taru a gindin wata tsamiya kusa da rijiya, kowace da faifai ko ƙaramar ƙwarya. Wanda bai san ƙauyukanmu ba zai yi mamakin ganin mata ne suka zo. Hatsin kasuwa da na babban rumbu a hannun maza yake, amma tsohon iri, wanda ake rataye zangarniyarsa a madafi hayaƙi ya kare ta daga ƙwari, wannan tsofaffin mata ne ke riƙe da shi.

A cikinsu akwai wata doguwar tsohuwa, fara, da munduwar tagulla a hannun hagu. Daga yadda take jan Hausarta na gane Fulatanci ne harshenta na gida. Ba tsabar hatsi ta kawo ba, zangarniya guda ta kawo, ƙarama, a dunƙule, ƙwayoyinta ƙanana masu launi tsakanin ja da ruwan ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gida da yara da shanu.

Ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Kai ne aka ce kana neman dawa cokali-cokali? Wane irin tuwo za ka yi da ita?"

Matan suka yi dariya. Na ce mata aunawa za mu yi, na tambaye ta sunan dawar.

Ta ce, "Ba ta da suna, tamu ce. Da ita aka kawo ni ɗakin miji. Tuwonta in ka ci da hantsi sai la'asar za ka tuna kana da ciki. Amma 'yan matan yanzu ba sa son ta, wai tana karya musu hannu wurin surfe."

Na murje ƙwayoyin a ambulan, na rubuta lamba arba'in da ɗaya. Na kai biro kan gurbin suna, sai na tsaya. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da ya tsayar da ni. Matar nan sa'ar kakata ce. Ban taɓa duban tsohuwa irinta na ce mata "yaya sunanki" ba, kuma a gaban mata fiye da ashirin bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na nemi hanyar zagaye, na ce, "Inna, daga gidan wa kike?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Ta juya ga ta kusa da ita ta ce, "Ji ɗan nan! So yake in kama sunan mai gidana a bainar jama'a." Aka sake fashewa da dariya, wata ta ce, "Ɗan boko ne, ku yi masa haƙuri." Na rubuta "Inna, Falgore", na miƙa hannu na karɓi faifan da ke biye. Da na koma gida na ƙirga, ambulan shida ne ke ɗauke da "Inna, Falgore", wasu "Gwaggo", wasu "Hajiya".

Kawu ya baje su a tebur yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Bai yi faɗa ba, shi dama ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ce, "Injiniya, Falgore gaba ɗaya mace ɗaya ce a cikinta?" Na yi masa bayanin abin da ya faru. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Wa ya ce ita za ka tambaya? Ai ba a yin haka. Ka nemi jikarta, jika ba ya jin nauyin sunan kaka, har waƙa zai yi maka da shi. Ko ka sami wata tsohuwa sa'arta ka ja ta gefe. Ni haka nake yi." Ya nuna mini nasa na Karaye, kowanne da sunan mace da na mahaifinta da unguwarsu. Ya ce in koma. Ya ce ranar da aka ga wani abu a cikin ɗaya daga hatsin nan, dole a san ƙofar da za a yi sallama, kuma dole a san wadda za a gode wa.

Ban koma da wuri ba. Na yi ta ɗagawa da hujjar aikin manhaja, har damina ta faɗi. Ranar da na tafi, na hau acaɓa daga Rogo, hanya duk taɓo. Da na isa, maimakon in yi abin da Kawu ya ce, sai na wuce zauren mai unguwa, inda na san zan zauna cikin maza ba wanda zai yi mini dariya. Na gaya wa kaina cewa saurayi baƙo ba zai riƙa tare 'yan mata a hanya yana tambayar sunayen kakanninsu ba, za a yi masa wata fassara. Wataƙila akwai ƙamshin gaskiya a wannan, amma na san daga baya na ƙara masa nauyi. Mai unguwa ya karɓe ni hannu biyu, aka kawo fura. Da na faɗi abin da ya kawo ni, wani dattijo a zauren ya ce, "Sunan mata a takardar hukuma? Rubuta na masu gida mana, ai duk ɗaya ne." Suka haɗu suka tuno mini gidajen da matansu suka zo ranar, iya abin da suka iya tunawa bayan wata da watanni. Na rubuta, na yi godiya, na taho.

A Rogo ruwa ya tsare ni a rumfar wani mai shago. A nan na fito da jerin lambobina da jerin sunayen masu gida, na riƙa haɗa su da ka. Da na zo kan arba'in da ɗaya, na tuna kamar tsohuwar ta ɓullo ne daga yamma da rijiya, kuma na ji an ce gidan wani Malam Iro yana ta yamma. Na rubuta Malam Iro. Kafin ruwan ya ɗauke na gama duka.

Washegari Kawu ya ga guraben sun cika. Ya lura sunayen maza ne, ya ce ba haka ya so ba, amma in dai gidan daidai ne za a iya gyarawa daga baya. Sannan ya ce, "Ka tabbata kowanne gidansa ke nan?"

Na ce, "Insha Allahu."

Ya ce, "Wannan ta abin da ke gaba ce. Ni abin da ya wuce nake tambayarka."

Na ce, "Na tabbata, Kawu."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce to madalla. A gabansa na buɗe kwamfuta na zaɓi "tabbas" a gurbin tabbaci na kowane layi na Falgore. Har yau ban san ko ya gane ba. Wani lokaci nakan ce ya gane ya ƙyale ni in dawo da kaina, wani lokaci kuma nakan ce ya yarda da ni ne kawai. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

An yi gwaje-gwajen, na shigar da sakamako. Na tuna Kawu ya sa alama a gefen arba'in da ɗaya cewa a maimaita, don sakamakonta bai yi kama da na sauran ba. Kafin a maimaita ciwo ya kwantar da shi. Na je duba shi a asibiti wata ranar Talata da azahar, in ban manta ba, daga ni sai shi a ɗakin. Ya tambaye ni rumbu. Ya ce kada in jira sai ya cika, in sa shi a intanet mutane su fara amfani da shi. Na sami damar faɗa masa gaskiya a ranar, damar da ba zan sake samu ba. Na buɗe baki, sai na ji ina yi masa bayanin inda za mu ajiye shafin da yadda za a riƙa sabunta shi. Bayan mako biyu ya rasu.

Na cika masa wasiyya, rumbun ya hau intanet, kuma ɗalibansa suka ci gaba da zuba bayanai. Ni ma ta dalilinsa na sami aikin da nake yi yanzu. Shekaru suka wuce, layukan Falgore suna nan yadda na bar su. Nakan buɗe su wani lokaci in duba, in rufe. Na riƙa ce wa kaina ba wanda zai taɓa bin sawun ambulan ɗaya daga wani ƙauye a Rogo.

Bara wata malama mai bincike daga wata jami'a, Dakta Rabi, ta aiko mini da saƙo. Ta yi amfani da manhajar nan tawa mai jera samfura, ta ga arba'in da ɗaya ta ware can gefe ita kaɗai: a gwajin da aka yi, sitacinta ya fi na sauran jinkirin narkewa. Ta yi taka-tsantsan a maganarta, ba ta ce an sami magani ba. Ta ce gwaji ɗaya ne, yana iya zama kuskure, sai an maimaita da sabon hatsi, an kuma shuka an gani. Na nemo mata ragowar ƙwayoyin da ke cikin ambulan, ta gwada shuka wasu, ko ɗaya ba ta tsiro ba, sun tsufa. Wato idan akwai irin nan mai rai a duniya, yana rataye ne a madafin gidan tsohuwar nan. Dakta Rabi ta ce ba matsala, ai ga sunan mai gidan a rumbu, kuma an rubuta tabbas. Ta roƙe ni in raka ta.

Ya kamata in gaya mata tun a waya. Ban gaya mata ba. Na shiga motarta muka kama hanya, ina addu'a a zuci Allah Ya sa zatona na rumfar mai shago ya faɗa daidai.

Malam Iro mutum ne mai fara'a. Ya shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida, Dakta ta zuba masa 'yan ƙwayoyin da suka rage a tafin hannu. Ya juya su da yatsa, ya kai kusa da ido.

Ya ce, "Hajiya, wannan a gidana? Ni tun da na ɗauki fartanya kaura nake shukawa, sai farafara in ruwa ya yi kyau. Wannan ai dawar tsofaffi ce."

Ta ce, "Ko mahaifiyarka, Malam? Ko wata gwaggo a gidan?"

Ya ce, "Mahaifiyata ta rasu ina goye. Amma tsaya in tambayi cikin gida, kada in yi rantsuwa a kan abin mata." Ya shiga ya fito yana girgiza kai. Ya ce matarsa ta je gindin tsamiya a waccan ranar, amma gero ta kai. Sannan ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan bokon nan ko? An ce sunana yana cikin kwamfuta har Turai. To ka gaya musu in da rabon taki a aiko, amma dawar nan ba tawa ba ce."

Muka yi dariyar da ta kamata, muka yi sallama. Da muka koma mota Dakta Rabi ba ta tayar da ita ba, ta zauna tana jirana. A nan na gaya mata komai, tun daga gindin tsamiya har rumfar mai shago. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Malam Nura, da ka rubuta ba ka sani ba, da na zo da shirin nema. Na zo da shirin karɓa ne, na kuma gaya wa ɗalibaina biyu su jira iri a daminar nan." Ta tayar da mota muka kama hanyar Rogo.

A makon na gyara layukan Falgore. Na cire sunayen masu gida, na mai da gurbin tabbaci "ba a sani ba", na rubuta bayani a ƙasa cewa kuskuren daga wanda ya shigar da bayanan ne, ba daga Kawu ba. Sai na gano abin da ya fi tayar mini da hankali. Amfanin rumbu irin namu shi ne wasu su kwafa, kuma sun kwafa. Wasu rumbunan a wasu wurare sun riga sun ɗebi layukanmu sun haɗa da nasu, da sunan Malam Iro da kalmar tabbas. Na rubuta wa waɗanda na iya ganowa. Wasu sun gyara, wasu ba su amsa ba, akwai kuma waɗanda na tabbata ban san da su ba. Abin da na yi cikin sa'a guda ina jiran ruwa ya ɗauke, yanzu ba ni da ikon kwashe shi duka.

Tun daga lokacin na koma Falgore sau huɗu, ina tafiya da ƙanwata Hauwa don ta shiga gidaje. Wannan karon mun yi yadda Kawu ya ce, mun tambayi jikoki, mun tambayi tsofaffi. Mun gano masu ambulan huɗu cikin shidan nan da na rubuta wa "Inna, Falgore", da sunayensu, biyu daga cikinsu suna raye. Tsohuwa mai munduwa tana cikin biyun da ba mu samu ba. Wata dattijuwa ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta ce ta san dawar, ta gidan Inna ce. Hauwa ta ce, "Wace Innar, Iya?" Ta ce, "Inna dai. Mu ma haka muke ce mata." A cewarta ba a cikin gari suke ba, a wata ruga suke, kuma bayan rasuwar mai gidan 'ya'yan sun tashi da shanu sun yi kudu. Wata kuma ta ce a'a, ta ji an ce tsohuwar ta koma wurin 'yarta a ɓangaren Karaye. Wani ya ce ta rasu. Ban san wanne zan kama ba, kuma na yi alkawarin ba zan sake rubuta abin da ban sani ba.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga yau. Ina jin zai yi murna da wayoyin da ke hannun ɗalibai, waɗanda ke ɗaukar hoton zangarniya su kuma nuna daidai inda mutum yake tsaye. Da ina da irinta a ranar, da aƙalla hoton tsohuwar yana nan. Amma ina zaton zai ce waya ba ta tambayar suna, mutum ne ke tambaya. Zai ji daɗin ganin mutanen da bai taɓa sani ba suna amfani da rumbunsa, zai kuma tsorata da saurin da bayani ke yi daga wannan rumbu zuwa wancan ba tare da kowa ya tsaya ya duba ba. Abin da na fi zaton zai dame shi shi ne gonakin kansu. Masara da sabon iri sun ci wuri, injin niƙa ya maye gurbin turmi a gidaje da yawa, kuma dawar da ke wahalar surfe ita ake fara bari. Duk tsohuwar da ta rasu, akan share madafinta, abin da ke rataye a kai wa kaji. Ba wanda ke yin haka da mugunta. Ba a san abin da ake zubarwa ba ne.

Idan na auna abin da ya rage na Kawu, ba na fara da takardun da ya wallafa, don wasu sun riga sun wuce su, kuma shi da kansa haka yake fata. Rumbun ma wata rana za a gina wanda ya fi shi. Abin da nake ganin ya zauna shi ne ɗabi'ar da ya bar wa ɗalibansa. Na duba samfuran da suka tara bayan rasuwarsa, na ga sunayen mata a jere, kowace da unguwarta, na kuma ga wurare da dama da aka rubuta "zato" ba tare da jin nauyi ba. Waɗanda suka zauna da shi awa biyu a mako sun ɗauki abin. Ni da na ci abinci a kwano ɗaya da shi, ni ne na kasa. Ba na faɗin haka don a tausaya mini. Ina faɗa ne don kada wani ya ga kuskuren Falgore ya jingina shi ga mamaci.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya halarci wani ɓangare na abin da na faɗa, ɗalibin Kawu ne ko mutumin Falgore, idan ya ga na karkace ya aiko da gyara ta hannun editan wannan shafi, zan karɓa, zan kuma bayyana shi. Ina neman afuwar Malam Iro da sauran masu gidan da na yi amfani da sunayensu ba da saninsu ba.

Babban roƙona kuwa ga mutanen Rogo da Karaye ne, da 'yan uwanmu na rugage duk inda kiwo ya kai su. Idan a gidanku an taɓa yin wata doguwar tsohuwa mai munduwar tagulla a hannun hagu, wadda ta zo ɗakin miji da irin dawarta, ƙarama mai tauri, tsakanin ja da ruwan ƙasa, ku duba madafi, ku duba tulunan da ta bari. Irin dawa ba ya shekaru da yawa da rai, kuma damina ta kusa. Idan kun sami ko zangarniya ɗaya ce, don Allah kada a kai ta inji, kada a watsa wa kaji. Ku aiko a gaya mini, zan zo da kaina. Idan kuma dawar ta ƙare, duk da haka ku aiko mini da sunan tsohuwar, da na mahaifinta, in rubuta.